Ni ma na taɓa ƙona Raspberry Pi

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya faɗo shagona da ke gefen Sabon Gari da jaka a baya, wai aron teburi da mita yake so. Aikin kammala makaranta aka ba su, su huɗu suka yi karo-karo suka sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4, aka danƙa masa saboda kawunsa mai gyaran inbata ne. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: maɓalli uku, fitila uku, in ka danna wannan waccan ta kama. Ina can ina fama da wata caja, ɗago kan da zan yi sai na ga ya jingina wayarsa a jikin gwangwanin dalma yana kallon bidiyo, kwamfutar a kunne, ga jar waya a hannunsa ya nufi ƙusa ta 2 da ita, cikin ƙusoshin da ke jikin kwamfutar inda ake soka waya. Ɗaya bakin wayar yana jikin maɓalli, shi kuma maɓallin ya zarce kai tsaye zuwa ƙusa ta 11.

Na ce, "Kai! Cire hannunka daga nan."

Ya ce, "Kawu, haka fa mutumin ya yi."

"Wane allo ne a gabansa?"

Ya leƙa, ya yi shiru. Arduino Uno ne, wani ɗan allon lantarki daban. Shi Uno da bolt 5 yake aiki, ƙusoshin Raspberry Pi kuwa bolt 3.3 kaɗai suke ɗauka, babu wani abu a tsakani da zai tare musu ƙari. Ƙusa ta 2 bolt 5 ce. Dannawa ɗaya ta rage kuɗin mutum huɗu su bi ruwa. Na yi masa faɗa har maƙwabcina mai sayar da batir ya leƙo yana ba ni haƙuri. Faɗan ya fi laifin, na sani. Abin da ya sa ya fi shi zan faɗa muku.

A 2018 wani mai ƙaramin asibiti a unguwarmu, wanda nake yi wa gyaran inbata, ya ce yana son abin kiran nas: maɓalli a kowane gado, fitila a teburin masu kwanan aiki. Tsakani da Allah, rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, da ƙwan fitila sun isa wannan aiki, tun ina yaron shago na iya shi. Amma lokacin na ji labarin wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, wadda Eben Upton da abokansa suka fitar a Kambirij ta Ingila a 2012 don yara su koyi rubuta manhaja, kuɗinta dala 35. Ina so a ce wane ya wuce gyaran caja. Kodayake ba son a sani kaɗai ba ne, in za a yi mini adalci. Mai asibitin yana ƙorafin masu kwana suna barci, ni kuma na ce masa kwamfutar za ta riƙa rubuta lokacin da aka kira da lokacin da aka amsa. Rile ba ya yin wannan. To ka ga akwai hujja. Sai dai ban taɓa rubuta ko layi ɗaya na Python, yaren da ake rubuta mata umarni da shi, ba a ranar da na karɓi kuɗin kafin alƙalami, ban kuma faɗa masa ba.

Aka kawo mini Pi 3 B+, sabuwar fitowa a shekarar, dala na wajen naira 360. Na samo umarni a intanet na kwafe kamar yadda na gani. An rubuta maɓalli a 17. Na sa yatsa na ƙirga ƙusoshi, 40 ne a layi biyu, har na kai ta 17, na soka waya, ɗaya ƙafar maɓallin na kai ta ƙasa, wato ƙusar da wuta ke komawa ta cikinta. Na danna. Allon kallo ya yi baƙi, kwamfutar ta sake tashi. Na sake dannawa, ta sake mutuwa. Na zargi caja, na canza. Na zargi memori, katin da take ajiye komai a ciki. Na kira wanda ya kawo mini kayan na ce jabu ya sayo, muka rabu ba daɗi, kuma har yau ban je na ba shi haƙuri yadda ya kamata ba.

Ashe ƙusoshin nan suna biyu gare su. Akwai lambar wurin zama, wato ka ƙirga daga 1 zuwa 40, ita ake kira BOARD. Akwai kuma lambar da kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar ya ba su, ita ce BCM. Ƙusar umarni, wato GPIO, mai lamba 17 a lissafin BCM tana zaune a wuri na 11. Wuri na 17 kuwa ba ƙusar umarni ba ce sam, wutar bolt 3.3 ce tsagwaronta. Duk dannawar da nake yi, wuta nake haɗawa da ƙasa ba komai a tsakani. Kuma layin da ke cewa BCM yana nan a saman abin da na kwafa, ido na ganinsa, ban tambayi kaina me yake nufi ba.

Ita dai ta jure wannan. Abin da ya kashe ta mita ce. Na ce bari na auna, ban kashe ba, na ɗora tsinin mita a ƙusa ta 1, wani ya yi sallama a ƙofar shago, na juya, tsinin ya zame ya haɗa ta 1 da ta 2. Bolt 3.3 da bolt 5 ke nan, maƙwabtan juna. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba ƙauri. Koriyar fitilar da ke jikinta ce kawai ba ta sake ƙiftawa ba. Na auna ƙusa ta 1, sifiri. Har gobe ina cewa wanda ya jera bolt 5 kusa da 3.3, ya kuma ƙi rubuta suna a jikin ƙusoshin, yana da nasa kason. Amma akwai umarni guda, pinout, da za ka rubuta ta zana maka ƙusoshin duka da sunayensu. Yana cikin kwamfutar tun ranar. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, sai dai ni ban sani ba: daga aljihuna na sayi ta biyu, na ce wa mai asibiti kaya ne suka maƙale a hanya. Allah ya yafe mana.

Da ta biyu na natsu, ko in ce na ɗauka na natsu. A shago na lura in na kai hannu kusa da wayar maɓalli fitila na kamawa da kanta. Dalili shi ne ƙusar da ke sauraro, in ba a ɗaure ta da sama ko ƙasa ba, tana nan kamar ƙofar da ba a sa wa sakata ba, iska kaɗan sai ta buɗe. Maganinsa rizista ce, 'yar abar da ke rage gudun wuta, da om ake auna ta, da za ta riƙe ƙusar a 3.3 har sai maɓalli ya ja ta ƙasa, kuma Pi tana da irinta a ciki, ta wajen om 50,000, da layi ɗaya ake kunna ta. Na kunna, abin ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, na zama injiniya.

Wayar shago taƙi ɗaya ce. Ta asibiti sai da ta bi bango ta ratsa silin, kafaɗa da kafaɗa da wayar fanka. Doguwar waya tana kwaso duk hayaniyar wutar da ke kusa da ita, om 50,000 kuma ba ta da ƙarfin riƙe ƙusa a irin wannan hali. Da an juya wuta zuwa janareta, ko wani ya murɗa fanka, sai fitilar gadon da babu kowa a kai ta kama. Ƙarfe biyun dare. Wata nas ta rantse ba za ta ƙara shiga ɗakin ƙarshe ita kaɗai ba, aka fara maganar mutanen ɓoye. Na bari aka yi ta yi, don ya fi mini sauƙi a zargi aljani da a zarge ni. Daga baya na sa rizista ta waje mai om 2,200, da ƙaramin kafasita mai shanye hayaniyar wuta, na canza wayar da kebul ɗin intanet saboda nasa wayoyin a murɗe suke bibbiyu, na kuma ce wa kwamfutar kar ta yarda da dannawa sai ta ɗan jima a danne. Aljanun suka yi ƙaura.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ba abin dariya ba ne. Na tsara abin ne a kan dannawa ɗaya ta kunna, ta biyu ta kashe. Shi maɓalli ƙarfe biyu ne ke haɗuwa a cikinsa, kuma ba sa haɗuwa lokaci ɗaya su zauna, sai sun yi ɗan tsalle-tsalle na 'yan milisakan. Yatsa bai san an yi ba, kwamfuta kuwa tana ƙirga kowanne. Wata tsohuwa ta danna cikin dare, da hannu mai rawa, fitila ta kama ta mutu kafin kowa ya ɗago kai. Sai da 'yarta ta farka ta taka har teburi. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba, ƙarin ruwa ne ya ƙare. Zan iya cewa ba wanda ya koya mini, a lokacin ban san mutum ko ɗaya a Kano da zan tambaya ba. Gaskiya ne. Amma ba a buƙatar Python kafin a san bai kamata maɓallin mara lafiya ya iya soke kiran mara lafiya ba. Gyaran ma ba na boko ba ne: maɓallin gado kunnawa kawai yake yi, ko sau ɗari aka danna, kashewa sai a teburin nas. Wata biyu bayan nan aka ɗauke wuta tana cikin rubutu, memori ya lalace, duk lissafin lokutan da na yi alfahari da shi ya tafi. Ƙararrawar kasuwa suke amfani da ita yanzu.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma. Da na duba, yawancinsu abu ɗaya ne.

Kashe kwamfutar, ka zare caja, sannan ka taɓa waya. Kullum. Kashewa ta hanyar umarni nake nufi, ba fizge caja ba, in kana son memorinka. Na san tashinta na ɗaukar lokaci, na kuma san ku 'yan yanzu bidiyon da ya wuce minti ɗaya ma tsallake shi kuke yi. Ku jira. In dole sai ka auna tana kunne, soka waya a ƙusar ka kai ta allon gwaji ka auna a can, kar tsinin mita ya kusanci layin nan.

Ƙusa ta 2 da ta 4, ka ɗauka babu su muddin maɓalli da fitila kake yi. Maɓalli ƙafa ɗaya a GPIO, ɗaya a ƙasa, wuri na 6 misali. Fitilar LED doguwar ƙafa ita ke fuskantar GPIO, kuma sai da rizista. Mai om 330 ka nema, zanenta ruwan lemo, ruwan lemo, ruwan ƙasa, masu kayan rediyo a Sabon Gari suna da ita, kuɗinta bai kai na ruwan leda biyu ba a da. Jar fitila tana cin wajen bolt 2, saura 1.3, ka raba da 330 ka sami wajen miliyam 4, ƙusa ɗaya kuma bai kamata ta wuce 16 ba. Wani zai ce ya haɗa ba rizista kuma ba abin da ya faru. Ni ma na yi, ba abin da ya faru. Kar ka yi.

Kar ka kwafi abin da ba ka karanta ba. To amma wa nake yaudara? Da kwafa na koya, kowa da kwafa yake koya. Kwafa, amma duk layin da ba ka gane ba ka tsaya a kansa kafin ka sa wuta. Ka fara da manhajar sarrafa ƙusoshin nan, gpiozero, wadda Ben Nuttall da Dave Jones suka soma a 2015: da lambar BCM take aiki, ita ke kunna rizistar ciki da kanta, tana kuma da wurin da za ka faɗa mata tsawon lokacin da za ta yi watsi da tsallen maɓalli. Mai Pi 5, wadda ta fito a 2023, ya sani tsohuwar manhajar RPi.GPIO da ta cika bidiyoyin nan ba ta aiki a kanta, kar ya je ya zagi mai kaya irin yadda na yi. Abin da ba na iya jurewa shi ne yaro ya turo mini hoton allon kallo a WhatsApp ya rubuta "ba ya yi", ba gaisuwa, ba bayanin abin da ya haɗa. Ko ya tambayi manhajar nan mai amsa tambaya, ta zubo masa layi hamsin, ya liƙa, ya zo yana tambayata me ya rubuta. Waɗanda ke biyan kuɗi a haɗa musu aikin kammalawa gaba ɗaya kuwa, ba da su nake ba.

In maɓalli uku da fitila uku ne duk buƙatarka, kar ka sayi Pi babba. Akwai Pico, 'yar ƙanwarta, tun 2021, dala 4 aka sa mata, ba ta da memorin da ɗauke wuta zai lalata, da ka ba ta wuta take fara aiki, ita ma bolt 3.3 ce. Ka ƙona ta ba za ka kwana kana juyi ba. Don gaskiya sai ka ƙona wani abu, duk surutun nan nawa ba zai hana ba, kuma yaron da tsoro ya hana shi soka waya bai fi wanda ya ƙona ba. Na ce ku ji tsoro, yanzu na ce kar ku ji. Ku daidaita da kanku.

Abu ɗaya ne ba sassauci a cikinsa. Duk abin da ran mutum ko dukiyarsa za su rataya a kai, kar ka kafa shi don ya yi aiki a teburinka. Ka gwada da tsawon wayar da za a yi amfani da ita, ka kunna fanka, ka juya zuwa janareta, ka zare wuta ka mayar ka ga ko zai tashi da kansa, ka ba tsoho ya danna, ka ba yaro ya yi ta dannawa.

Wanda kuma ya riga ya ƙona tasa, ya auna tsakanin ƙusa ta 1 da ta 6. In ya ga 3.3, da sauran magana, wataƙila memori ne ko ƙusa ɗaya ce ta tafi, ya koma wata. In sifiri ya gani, ya zare memorinsa ya adana cajarsa, kar ya kawo mini, ba na gyara ta.