Ranar da baƙin mai ya ƙi hawa kan inji

Asabar, Gombe.

Yau wunin gareji na yi. Jiya da yamma, ina dawowa daga Dadin Kowa, babur ɗin Baba ya soma wata ƙara da ban san shi da ita ba, kas-kas-kas daga saman inji, ga zafi yana bugo mini ƙafa fiye da na kullum. Da na tashe shi a can lafiya lau yake. Sai da ya yi nisa ya ɗau zafi sannan ƙarar ta fito, in an zo tudu kuma da ƙyar yake ja. Haka na lallaɓo shi, in tsaya ya huce in ƙara gaba, har na shigo Pantami bayan magariba.

Honda CG125 ne, Baba ya saya tun ina firamare, Allah ya jiƙansa. Ba na son in ga an wulaƙanta shi, shi ya sa da maƙwabta suka taru da safe kowa na faɗin albarkacin bakinsa, wannan ya ce ringi ne, wancan ya ce sai an sauke inji, na yi musu godiya na tura shi zuwa garejin dattijon da muke kira Kawu. Ban ko buga kik ba. Injin da ake zargin mai ba ya zagaya shi, duk mintin da ya yi yana aiki ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Kawu bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Yaushe aka yi juye, wane mai aka zuba, wa ya buɗe injin na ƙarshe. Na gaya masa kwanakin baya kuloci ya ƙone mini a hanya, wani bakanike na bakin titi ya canza mini faranti. Ya ce, "To, Malam, mu fara da abin da ba ya cin kuɗi."

Ya ɗora babur a kan jak na tsakiya, ya zaro gejin auna mai ya goge, ya mayar ba tare da ya ɗaure ba, ya sake zarowa. Mai yana nan daidai. Ya shafa a yatsa ya murza, ya kai hanci. Abin da yake nema warin fetur ne, domin idan allurar kafireto ta daina toshewa kuma aka bar famfon tanki a buɗe, fetur kan gangara ya bi ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai. Geji zai nuna maka mai ya cika, har ya ƙaru ma, alhali ya tsinke ba ya riƙe komai. Namu babu wari. Na zuba baƙin mai 20W-50 na cikin roba mai hatimi, ba na awo da ake tsiyayowa daga duro ba, don haka nan ma muka wuce.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, irin wannan babur ba shi da jar fitilar mai a kansa, ba shi da agogon da zai nuna ƙarfin turin mai. Manyan babura da motoci, waɗanda karanshaf ɗinsu, wato sandar da fistin ke juyawa, ke kwance a kan metal, wato shimfiɗar ƙarfe mai santsi, su ne ke buƙatar matsi mai ƙarfi, kuma a wajensu in fitila ta kama, wani lokaci ɗan makunnin fitilar ne kawai ya lalace, sai a ɗaura agogo a auna kafin a zargi inji. Na CG kuwa a kan boris yake juyawa, shi kuma boris ba ya tare mai, saboda haka tun asali matsin kaɗan ne. Ko ka samo agogon mota ka ɗaura, allurar da ƙyar za ta motsa, sai ka tsorata a banza. Abin dubawa a nan shi ne ko mai yana isa inda ya kamata, kuma da yawa. Wannan da ido ake gani.

Yaron Kawu ya kwance murfin kan inji. Tun kafin a tayar na ga abin da ya sa gabana ya faɗi: ƙarafan da ke danna bawul ɗin sun yi ƙayau, ɗan danshi ne kawai a jikinsu, bakin ɗaya har ya soma canza launi. Kawu ya ɗiga musu mai da hannu, ya ce a buga kik. Injin ya tashi, muka zuba ido a kan 'yar kafar da mai ke fitowa. A lafiyayyen inji, cikin daƙiƙu kaɗan za ka ga ya ɓulɓulo yana fantsama har ya ɓata maka riga. Namu sai ya leƙo, ya yi kumfa, ya koma. Kawu ya kashe nan take.

"Ka gani, Malam? Ba ringi ba ne. Mai ne ba ya hawa."

Daga nan aka bi hanyar man tun daga ƙasa. A gefen hagu na injin akwai wani babban murfi, bayansa sifirin ne da 'yar rariya, ita ce ke tace mai kafin famfo ya zuƙa. Yaro ya tara kwano ya kwance. Da rariyar ta fito sai Kawu ya miƙo mini ita a tafin hannu bai ce komai ba. Ta toshe da wasu jajayen zare-zare masu santsi kamar taliya, sun manne a ragar har haske ba ya ratsawa. Gam ne. Wanda ya gyara mini kuloci bai sa sabon fakin ba, wato takardar da ake sawa tsakanin murfi da inji, ya mayar da tsohon da ya yage, ya lafta masa gam don kada ya yi yoyo. Da ya ɗaure, rabin gam ɗin ya matso waje, rabi ya matsa ciki, zafi da mai suka yi ta gutsurarsa.

Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi ƙwarai. Fakin takarda ce, ba ta kai kuɗin litar mai ba. Amma sai a bar ta a kama gam, domin mai babur ba ya ganin cikin inji, yoyon waje kawai yake gani. A wannan injin kuma murfin kuloci ba rufi kaɗai ba ne, hanyoyin mai sun ratsa ta jikinsa, kuma ramukansu ƙanana ne. Ɗigon gam ɗaya ya isa ya rufe hanya.

Kawu ya ce tunda gam ya kai rariya, to yana can sama da haka, sai an buɗe gefen dama. Aka cire kik da wayar kuloci, aka kwance murfin. Ga shi nan kuwa jajur ya zagaye bakin, wani guntu ya cusa kansa cikin ramin da ke tura mai zuwa sama, ya bar 'yar ƙofa ƙanƙanuwa. Shi ya sa da sanyi injin ke haƙuri, in ya ɗau zafi ɗan abin da ke isa sama ya kasa wadatarwa.

Tunda an riga an buɗe, sai ya duba sauran. A bakin karanshaf akwai wani ɗan kofi mai murfi da sukurori 3, wanda ke juyawa tare da inji yana wurga dattin mai zuwa gefe. Shi ne matatar gaskiya ta wannan babur, kuma ba kasafai ake tunawa da shi ba saboda ba a ganinsa a lokacin juye. Namu ya tara baƙin laka mai tauri, sai da aka kankare da bakin sukundireba aka wanke da kananzir. Sannan famfon mai. Ya kwance shi, ya juya 'yan haƙoran ciki a hannu, ya ɗaga su a hasken rana yana neman zane ko sako-sako. Ya ce famfo yana da sauran rai, robobin bayansa ne suka bushe, a canza. A nan na ɗan samu natsuwa, don irin famfon da ake samu yanzu a kasuwa ba duka ne ke da ƙarko ba.

Muna jiran yaro ya dawo da fakin da robobi, hira ta kai mu kan dalilin da ya sa injin bai kama ba a hanya. A 1975 Honda ta fito da CG125, bayan ma'aikatanta sun zagaya ƙasashen Asiya sun ga yadda ake lodin babura ana barin mai har ya daskare ba juye. Sai suka sauko da kamshaf, wato sandar da ke sa bawul ya buɗe, ƙasa kusa da inda mai ke kwance, suka sa sanduna biyu suna tura bawul daga can. Da irin injin da kamshaf ɗinsa ke sama ne, yana juyawa a cikin alminiyon kan inji, tafiyar jiya ta isa ta cinye kan gaba ɗaya. Kawu ya ce ya ga irin haka ba adadi a hannun 'yan acaɓa.

Bayan la'asar aka haɗa. Ya hura iska a kowane rami sai da ya ji ta fito ta ɗaya gefen, ya sa fakin a bushe ba gam ko ɗigo, aka zuba sabon mai wajen lita 1. Ya gyara tafet, wato tazarar bawul, a kan 0.08 na milimita tunda injin ya yi sanyi. Aka buga kik murfin sama a buɗe, sai ga mai ya yunƙuro ya wanke ƙarafan, har ya fantsamo wa yaro a fuska. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Ƙarar ta ragu sosai amma ba ta ɗauke duka ba. Ƙarfen da ya canza launin nan ya ɗan ci, dole a sauya shi, kuma Kawu ya ce kada in yi gaggawar sayen na kasuwa, zai nema mini na asali a cikin tsofaffin injuna. Ya kuma ce in yi 'yar zirga-zirgar cikin gari kawai, in dawo a sake juye a duba rariya, don ba mamaki akwai sauran gam a lungun da iska ba ta kai ba. In na ji wata ƙara mai nauyi daga ƙasa, gwaf-gwaf, in kashe a inda nake, wannan boris ɗin kwanrod ne, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Zuwa Dadin Kowa ranar Litinin dai a motar haya zan yi shi.