Yadda na buɗe filashi a Linux daga baƙin allo

A Ubuntu ko Linux Mint, da ka soka filashi sai ya bayyana da kansa. Kwamfutar da na yi aiki da ita kuwa Debian ce zalla, ba tagogi ba linzami, sai baƙin allo mai jiran umarni. Na soka filashin, ko gezau ba ta yi ba.

Filashin lafiyarsa lau. Linux ne ba ya raba wa na'urori haruffa irin su D: da E: yadda Windows ke yi. Fayilolinsa duka a bishiya ɗaya suke, tushenta /, kuma sai ka rataya filashin a wani reshe kafin ka ga abin da ke cikinsa.

Da umarnin lsblk na fara, mai jero faya-fayan da ke jone. Ya jero mini sda, wato babban faifan kwamfutar, sannan sdb mai ɗan ƙaramin girma da sdb1 a ƙarƙashinsa. Girman ne ya tabbatar mini wane ne filashin, kuma sdb1 ake ratayawa, don shi ne ɓangaren da fayiloli ke ciki. Na buɗe folda da sudo mkdir /mnt/filashi, na bi shi da sudo mount /dev/sdb1 /mnt/filashi don in rataya filashin a wurin; sudo shi ne ke ba umarni ikon mai kula da kwamfutar. Allon bai ce komai ba, shirun nan kuwa a Linux alamar aiki ya yi ne.

Karantawa ta yiwu, rubutu ya ƙi. Dalili shi ne FAT32, tsarin da yawancin ƙananan filashi ke zuwa da shi, ba ya ajiye sunan mai fayil, don haka komai ya zama na root, wato asusun mai kula da kwamfutar, tunda da sudo na rataya shi. Na sauke shi, na sake ratayawa da ƙarin -o uid=1000,gid=1000, lambar da umarnin id ya nuna mini tawa ce. Inda akwai udisks2, manhajar da ke kula da rataya faya-fayai, udisksctl mount -b /dev/sdb1 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don shi zai buɗe folda a /media da sunanka. FAT32 ɗin nan kuma ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, sai ka koma tsarin exFAT, wanda Linux ke karantawa kai tsaye tun fitowar kernel 5.4, wato zuciyar Linux, a 2019.

Wurin cirewa na fi taka-tsantsan. Idan cp, umarnin kwafe fayil, ya gama, sau da yawa wani sashe na bayanan yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta bai sauka kan filashin ba tukuna. Umarnin sudo umount /mnt/filashi ne ke tilasta a ƙarasa rubutun, shi ya sa wani lokaci yake ɗan jinkiri. Ba na taɓa filashin sai allon ya dawo mini da wurin rubuta sabon umarni. Idan ya ce target is busy, to wani abu na riƙe da folda ɗin, galibi ma kai ne ke tsaye a ciki. Ka fita da cd ka sake gwadawa, in ya ƙi lsof zai nuna maka mai riƙon.

Sunan sdb ba tabbatacce ba ne, gobe yana iya zama sdc idan wata na'ura ta riga shi shiga. Filashin da nake bari a jone kullum, da lambarsa ta UUID, wadda ba ta canzawa kamar sunan sdb, na rubuta shi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jero abin da za a rataya wajen tashi, na haɗa da nofail don kada kwamfutar ta tsaya cak wajen tashi ranar da ba ya nan.