Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zamana a Sashen Gashi

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni mataimakiyar likitar gashi, wato mai dawo wa majinyata da motsin gaɓoɓi ta hanyar gasa jiki da motsa shi. Abin da ban faɗa ba shi ne maganar Kawu. A gaban su Yaya Babba ya ce duk kuɗin da Baba ya zuba a karatuna a tausa ya ƙare. Ba wanda ya tanka. Inna ce kawai ta ce da ni daga baya, sannu ba ta hana zuwa.

Likita ke duba majinyaci, ta auna ƙarfin tsokarsa daga 0 zuwa 5, ta tsara abin da za a yi. Ba hurumina ba ne in sauya tsarin. Amma ni ke wuni da mutumin. Mai shanyewar ɓarin jiki, ni ke koya wa masu jinyarsa su juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ni ke lanƙwasa masa gwiwa da yatsu kullum don kada gaɓoɓin su ƙage. Nakan yi faɗa sosai idan na ga an ja shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar ta riga ta saki, ja kaɗan sai ta goce. Sanda a hannu mai lafiya ake riƙe ta. A matakala ƙafa mai ƙarfi ke fara hawa, mai rauni ke fara sauka. Duk motsin da ya ƙaru sai na rubuta wa likita.

Wata rana na ga ƙwaurin wani dattijo ya kumbura, ga zafi, ɗansa yana ta roƙona in murza masa. Na ƙi, na kira likita. Gudan jini ne a jijiya, wanda idan aka murza yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Tausa, in ji Kawu!

Bara autata take gaya mini wai a Amurka masu irin aikina karatun shekara 2 suke yi, sannan a ci jarrabawar lasisi kafin a taɓa majinyaci. Na ji daɗi, amma da Kawu na so a karanta wa.

Lokacin da Gwaggo ta karye a ƙugu, bayan tiyata ni na tsayar da ita, taku ɗaya yau, biyu gobe, tana kuka ina maimaita mata maganar Inna. Ranar da ta taka zuwa ƙofa da kanta, Kawu ya yi ta sa wa likitan tiyata albarka. Ni ko kallona bai yi ba. Allah Ya jiƙansa, na yafe masa, amma ban manta ba.

Mako mai zuwa zan kawo labarin yaran shan inna, da dalilin da ya sa na kusa ajiye aikin.