Ƙarar birki

Talata, da dare.

Da safe ina shirin fita na leƙa WhatsApp, sai ga bidiyo Yaya ya turo a zauren 'yan gidanmu, ko kalma ɗaya babu a ƙarƙashinsa. Na danna. Ban ma kai ga ganin motocin ba, ƙarar birki ce ta fara shiga kunnena, doguwa, sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Wayar ta suɓuce daga hannuna. Na zauna a bakin gado, tafin hannuna sharkaf da gumi, ƙirjina na dukan uku-uku, hancina cike da warin ƙonanniyar taya alhali babu abin da ke ƙonewa a ɗakin. Shekara uku ke nan da hatsarinmu, amma jikina bai iya lissafin shekaru ba.

Likitar da nake gani ta taɓa yi min bayani. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, aikinsa gadi. Da zarar ya ji sauti ko wari irin na ranar, sai ya kaɗa ƙararrawa tun hankali bai gama tantancewa ba. Ta ce sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da irin wannan ciwo, na firgicin da kan biyo bayan mummunan abu, cikin littafinsu na cututtuka da sunan PTSD, bayan abin da suka gani tattare da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam.

Da rana na kira Yaya. Ya ce, "Haba ƙanwata, ai don mutane su rage gudu na tura." Na ce na sani, Yaya, amma don Allah ka riƙa rubuta layi ɗaya na gargaɗi tukuna. Ya yi shiru, can ya ce wallahi sam bai kawo ni a ransa ba.

Ba wai na ɗauki gargaɗin nan magani ba ne. Wani nazari na 2023 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna gargaɗi ba ya rage zafin abin idan an kalla, sai ma ya ƙara fargaba kafin a buɗe, kuma mutane kan buɗe duk da haka. Ni kaina sau nawa na danna hoton da Instagram ta lulluɓe? Wa kuma zai gargaɗe ni kafin direba ya taka birki a titi? Likitata ma cewa take yawan gudun abin ƙarfi yake ƙara masa. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba, a bar ni in zaɓi lokacin. Sauraron sautin a ofishinta ina ƙirga numfashi daban, ya faɗo min ina neman takalmina daban.

Ɗazu Yaya ya sake turo wani. A samansa ya rubuta: "Hatsari ne, akwai jini. Ƙanwata kar ki buɗe." Yatsana ya daɗe yana shawagi a kan wayar, sannan na kife ta a kan tebur.