Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Awon Ƙwaƙwalwa a Shekarar Korona

Makon jiya na tsaya a ranar 2 ga Afrilu 2020, da aka sa dokar hana fita dare da rana a Makka da Madina, wata guda cif da samun mai korona na farko a Saudiyya, a garin Katif. Mu ma'aikatan asibiti da takardar izini muke fita. Shari'a Mansur, wani titi a Makka inda a da sai da ƙyar kake kutsawa tsakanin masu talla, ta zama wayam.

Umma ta kasa gane abin da ke fitar da ni. "Ke 'yar nan, kai kike aunawa, me ya haɗa ki da masu tari?"

Da gaskiyarta, sai dai awon ƙwaƙwalwa, wato EEG, ba ya yiwuwa daga nesa. Sai na auna kan mutum da tef, in yi alama, in goge fata, in manna wayoyi 21 ɗaya bayan ɗaya, fuskata dab da tasa. A da har sa majinyaci muke ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na minti 3, don farfaɗiyar da ta ɓuya ta bayyana. Shi aka fara sokewa, tunda numfashin ne ya zama abin tsoro. Awon da ba na gaggawa ba aka ɗage. Iyayen yara masu farfaɗiya sun ji jiki a nan, kuma har yau ina ganin ba su cancanci wannan jiran ba.

Wanda bai ɗaguwa shi ne na ɗakin kulawa ta musamman. Akwai farfaɗiyar da ba ta jijjiga jiki: mutum na kwance shiru, ƙwaƙwalwa na ta fama, ido ba ya gani sai na'ura. Haka aka kira ni kan wani dattijo Bahaushe da ke kan na'urar numfashi, an janye maganin barci amma ya ƙi farkawa. Na lulluɓe injina da leda, na shiga cikin rigar kariya, gumi har cikin takalmi, tabarau ya yi hazo. Da Hausa na yi masa magana, ko yana ji: "Baba, sannu, zan taɓa kanka." Likita yana wajen ɗakin yana karanta awon ta kwamfuta. Ba a jima ba ya ƙwanƙwasa gilashi, ya yi wa nas nuni ta kawo allura.

Yadda aka ƙare da Baba, da dalilin da ya sa na koma kwana a ɗakin soro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.