Kiɗan gem ba wasan yara ba ne

Duk wanda ya shigo sitidiyona ya ce "oga, ɗan kiɗan gem nake so, ba wani abu mai wahala ba", na san za mu daɗe muna magana kafin a zo batun kuɗi. Na yi kiɗan talla, na yi na fim, amma wallahi babu mai cin lokacina kamar na gem.

Waƙar fim sau ɗaya za ka ji ta a wuce wajen. Shi kuwa gem, yaro zai yi awa uku a mataki ɗaya yana faɗuwa yana sakewa, kiɗan nan na ta zagayowa, in akwai inda ya yi tsami kunnensa sai ya kama, kuma da ya gaji zai kashe sautin, shikenan wahalarka ta tashi a banza. Shi yasa inda ƙarshen kiɗa ke komawa farkonsa nake so ya fita kamar ɗinkin gwanin tela, ba a ganin bakin zare. Sai in yi kwana biyu a kan daƙiƙa huɗun nan.

Ni a gidan gem na unguwarmu abin ya fara kama ni, lokacin na'urar gem ta Sega. Yara na ta ihu a kan wani gem mai suna Streets of Rage, ni kuma ina tsaye a baya kunnena na kan gangar da ke fita daga talabijin ɗin, in na koma gida ina buga ta a kan bokiti. Sai da na girma na san sunan mai kiɗan, Yuzo Koshiro, ɗan Japan. Haka Koji Kondo da ya yi kiɗan Super Mario Bros a 1985, na'urar da ya yi wa kiɗan muryoyi biyar kacal take iya fitarwa, kuma a cikinsu ƙarar tsalle da ta kwabo ke neman waje. Da wannan ɗan abin ya yi kiɗan da a 2023 ɗakin karatun majalisar Amurka ya sa shi cikin sautukan da ake adanawa don tarihi. A Super Mario World kuma, da ka hau Yoshi, dabbar da Mario ke hawa, sai ganguna su shigo kan kiɗan, ka sauka su fita. Wannan dabarar har yau da ita nake aiki, ina gina kiɗa hawa-hawa, sarewa ita kaɗai in wuri lafiya, da abokin gaba ya matso kalangu ya shigo.

Kuma kalangun na gaske ne, makaɗi nake kira ya zo ya zauna gaban makirfo, don yadda yake matse tsirkiya a hammata sautin ya hau ya sauka, kwamfuta ba ta iya wannan.

To kaga duk wannan, sai wani ya ce ai akwai na kyauta a intanet, ko wane ya ce zai yi masa a rabin kuɗin. Wani ya tafi haka, bayan wata biyu ya dawo, kiɗan da aka ba shi duk zagayowa sai ya yi "ƙat" kamar an taka kara, ga shi an ji irinsa a wani gem ɗin daban. Abin na min ciwo sosai, don a waje tuni aka wuce nan. Tun 1987 ƙungiyar makaɗa ta buga kiɗan gem ɗin Dragon Quest a babban zaure a Tokyo, kuma Baba Yetu ta Christopher Tin, waƙar gem ɗin Civilization IV da aka rera da Swahili, ta ci Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa, a 2011.

Kafin aiki ya bar hannuna sai na gwada shi a wata tsohuwar waya mai ƙaramar sifika da na ajiye musamman, don a irin ta yawancin yaranmu za su ji shi. In kalangun bai fito a nan ba, komawa nake in sake haɗawa.