Ga wanda zai gaji teburina a ɗakin binciken ƙwayoyin T na garkuwar jiki

Ganin fosfet ya yi yawa a jikin furotin ba ya nufin furotin ɗin ya tashi aiki. Sai ka san gurbin da ya zauna. Lck, furotin mai liƙa wa wasu fosfet, ce ta koya mini wannan, ita da Oga, shugaban ɗakin.

Idan ƙwayar T ta gane antijin, wato alamar baƙon abu a jiki, Lck ke fara motsi. Tana liƙa fosfet a tairosin (ɗaya daga cikin tubalan furotin) na sassan da ake kira ITAM, sassan nan guda 10 ne a sarƙoƙin CD3 da zeta na mai karɓar antijin, sai ZAP-70, wata mai liƙa fosfet, ta zo ta kama wurin, ita ma ta liƙa wa LAT da SLP-76, masu kai saƙon gaba, nasu. To amma ita kanta Lck gurbi biyu gare ta masu saɓani. Fosfet a tairosin 394 ƙarfi yake ƙara mata. Na 505 kuwa, wanda furotin Csk ke sawa, naɗe ta yake yi ta kasa aiki, har sai CD45, furotin mai cire fosfet, ta cire shi.

Ni kuwa ƙwayoyin Jurkat, wato ƙwayoyin T da ake reno a ɗakin bincike, marasa CD45 aka ba ni. Sakamakona ya nuna Lck maƙil da fosfet, ƙwayoyin kuma shiru, kalsiyam, alamar sun farka, bai tashi ba. Oga ya ɗaga fim ɗin sakamakon a taron mako, a gaban ƙananan ɗalibai, ya ce ko dai na cakuɗa samfura ko hannuna ne ba kyau. Na ce, "Ranka ya daɗe, antibodin nan da muke gano fosfet da shi kowane tairosin mai fosfet yake kamawa, a sayo mana wanda ke ware 505." Ya ce ba shi da kuɗin zubarwa. Haka na yi ta maimaita gwaji ɗaya har zangon ya ƙare. Daga baya aka sayo, don aikin wani ɗalibin, layin ya fito ɓaro-ɓaro a 505. A wani taro Oga ya haska hoton nan yana cewa "mun lura", sunana ko a ƙasan allo babu. Abin ma tun shekarun 1990 aka san shi, mai bibiyar karatu ba zai kira shi sakacin ɗalibi ba. Ban tanka ba.

Sauran ba su da tsawo. Ka fasa ƙwayoyi a kan ƙanƙara, da banadet, sinadarin da ke hana cire fosfet, a ruwan, in ba haka ba masu cire fosfet za su share maka komai kafin ka juya. Kada ka toshe takardar gwaji da madara, kasin, furotin ɗinta, shi ma fosfet gare shi. Jurkat ba ta da PTEN, wadda ke taka wa furotin Akt birki, don haka abin da Akt ta nuna maka a cikinta sai ka sake dubawa a ƙwayoyin jini na ainihi. Cire fosfet ma saƙo ne: sai kalsinurin, wata mai cire fosfet, ta cire wa furotin NFAT nasa yake shiga cibiyar ƙwaya, nan ne maganin saiklosporin ke tare hanya.

Kowane fim kuma ka rubuta masa kwanan wata da sunanka, ka ɗauki hotonsa kafin ka kai ofis.